Yadda wata jihar Ostiraliya ta tsaya mini, da abin da fifikon biza ya yi mini da wanda bai yi ba

Ni malamin lissafi ne, kuma na koyar a makarantun sakandare a Kano kusan shekara goma kafin tunanin barin ƙasa ya zauna mini a rai. A watan Nuwamba na 2022 wani abokin karatuna da ke aikin jinya a Ostiraliya ya aiko mini da saƙo cewa gwamnatin ƙasar ta sanya malaman makaranta da ma'aikatan lafiya a sahun gaba wajen duba takardun biza, kuma jihohi suna ɗaukar nauyin masu irin sana'armu. Maganarsa gaskiya ce, domin a ƙarshen Oktoba na shekarar aka fitar da umarnin minista mai lamba 100 wanda ya tanadi hakan, a shekarar da aka ɗaga yawan guraben zama na dindindin zuwa 195,000. Amma ni na fahimci kalmomin biyu, ɗaukar nauyi da fifiko, ta wata fuska da ba tasu ba, kuma wannan rashin fahimta ya ci mini lokaci da kuɗi.

A wajenmu idan aka ce gwamnatin jiha ta ɗauki nauyin mutum, abin da ke zuwa a zuciya shi ne kujerar aikin Hajji ko tallafin karatu a ƙasar waje, inda gwamnati ke biyan kuɗin jirgi da masauki har da guzuri. Ranar da na je shaida wa kawuna niyyata, tambayarsa ta farko ita ce, "To ɗana, nawa gwamnatin tasu za ta riƙa ba ka kafin ka kama aiki?" Na amsa masa da cewa zan bincika, kuma binciken ya nuna mini cewa ba ta bayar da ko kwabo. Jihar ba ta biyan kuɗin biza, ba ta sayen tikiti, ba ta ba da gida, kuma ba ta yi wa kowa alkawarin aiki. Abin da take yi shi ne ta tsaya wa mutum a gaban gwamnatin tarayya, ta ce tana bukatar mai wannan sana'a a yankinta, sai a ƙara masa maki a kuma buɗe masa ƙofar shigar da takardar neman biza. Mai yanke hukuncin ba da bizar ko hana ta ita ce ma'aikatar harkokin cikin gida ta tarayya.

Tsarin na maki ne. Mutum yana shigar da bayanansa kyauta a manhajar gwamnati mai suna SkillSelect, ya bayyana shekarunsa da karatunsa da aikin da ya yi da matsayin Turancinsa, manhajar ta lissafa masa maki, sai ya zauna jiran gayyata. Mafi ƙarancin maki shi ne 65, kuma dole mutum ya kasance bai kai shekara 45 ba a ranar gayyata. Biza mai lamba 189 ba ta bukatar kowace jiha, sai dai gasar da ke cikinta mai zafi ce. Mai lamba 190 ta zaman dindindin ce, kuma tsayawar jiha tana ƙara maki 5. Mai lamba 491, wadda aka fara a Nuwamban 2019, ta shekara biyar ce, tana ƙara maki 15, bisa sharaɗin mutum ya zauna ya yi aiki a wajen manyan birane uku, wato Sidni da Melbon da Birisben. Na daɗe ina zaton "wajen manyan birane" na nufin ƙauyen da babu asibiti, sai daga baya na gane cewa Adeled da Fat da Kanbera da Hobat duk suna cikin yankunan da aka yarda da su.

Kafin a kai ga maki, dole hukumar da ke kula da sana'ar mutum ta tantance takardunsa, kuma ta malaman makaranta ita ce AITSL. Tana neman karatun gaba da sakandare na shekara huɗu, da shaidar cewa mutum ya yi gwajin koyarwa na aƙalla kwana 45 ƙarƙashin kulawar malami, da sakamakon jarrabawar Turanci ta IELTS mai 7 a karatu da rubutu, 8 a saurare da magana. Sau uku na zauna jarrabawar, kowane zama da kuɗinsa, domin a karo biyu na farko 7.5 nake samu a magana. Wannan bai dame ni sosai ba, tunda abu ne da ke hannuna. Abin da ya jigata ni shi ne wasiƙar kwana 45.

Takardar sakamakon digirina ta nuna cewa na yi gwajin koyarwa, amma ba ta faɗi adadin kwanakin ba, kuma hukumar tana son a rubuta adadin ƙarara a kan takardar jami'a mai hatimi. Na yi ta zarya tsakanin sashen koyar da ilimi da ofishin rajista har wata huɗu. Wata rana wani dattijon ma'aikaci ya shiga da ni ɗakin ajiyar takardu, ya sauko da wani kwali da ƙura ta rufe, muka durƙusa muna buɗe littattafan gwajin koyarwa na shekarar 2012 ɗaya bayan ɗaya har muka tarar da nawa, gefensa gara ta ci, amma sa hannun malamin da ya duba ni yana nan a kowane mako. Da wannan littafi aka ƙirga kwanakin aka rubuta wasiƙar. Ina cikin wannan zaryar ne na cika shekara 33 a watan Maris na 2023, kuma a daren makin shekaruna ya sauka daga 30 zuwa 25, domin maki 30 na 'yan shekara 25 zuwa 32 ne kawai. Da na fara neman wasiƙar tun ranar da na fara karatun jarrabawar Turanci, maimakon in jira sai na ci ta, da wataƙila ban rasa makin nan ba.

Kuskure na biyu ya fi na farko haɗari, kuma Allah ne ya kiyaye. Da na shigar da bayanaina a watan Yuni, na rubuta cewa na yi aiki sama da shekara takwas, wanda ke ba da maki 15, domin na haɗa da shekarar hidimar ƙasa da shekara biyu da na yi a wata makarantar kuɗi inda ake ba mu albashi a ambulan, babu takardar biya, babu shaidar banki. Ban yi ƙarya ba, na yi aikin. Amma wata lauya mai rajista a ƙasar, wadda na biya don ta duba mini takardun na awa ɗaya, ta nuna mini cewa duk makin da mutum ya ce yana da shi a ranar gayyata sai ya tabbatar da shi da takarda, idan kuma ya kasa za a iya ƙin ba shi bizar, kuɗin da ya biya ba zai dawo ba. Wani ya ba ni shawarar in je makarantar a buga mini takardun albashi na baya, na ƙi, domin hukuncin gabatar da takardar bogi shi ne hana mutum biza har shekara uku, kuma ko babu hukuncin ban ga yadda zan kafa rayuwar iyalina a kan takardar da na san ƙirƙirarta aka yi ba. Na goge waɗannan shekarun, na bar shekara shida da na yi a makarantar gwamnati, waɗanda albashinsu ya bi ta banki, makin ya koma 10. Da digiri 15, Turanci 10, shekaru 25, da maki 5 na Turancin maiɗakina wadda ita ma ta zauna jarrabawar, na tsaya a kan 65 cif. Tsayawar jiha za ta kai ni 70 a biza 190, ko 80 a biza 491.

Daga nan aka shiga jiran da ban shirya masa ba. Ina ɗauke da tunanin cewa tunda malamai na sahun gaba, mako biyu ko uku za a kira ni. Ban san cewa layi biyu ne daban ba, kuma fifikon da abokina ya ba ni labari na layi na biyu ne kaɗai, wato bayan an gayyaci mutum ya biya kuɗi ya shigar da takardar biza. Layi na farko na jihohi ne, kuma ƙasar tana da jihohi shida da yankuna biyu, kowanne da jerin sana'o'insa da sharuɗɗansa da lokacin buɗewarsa. Gwamnatin tarayya ce ke raba musu guraben da za su cika a kowace shekarar kuɗi, wadda ke farawa ranar 1 ga Yuli, kuma a shekarar 2023 zuwa 2024 an rage musu guraben ƙwarai saboda tarin takardun shekarar baya da ba a gama dubawa ba. Na shiga layin ne daidai lokacin da ƙofar ta ƙuntata. Wasu jihohin sun fi karkata ga waɗanda ke zaune a cikinsu, wasu suna so mutum ya sake yin rajista a shafinsu, wasu kuma ba sa duba wanda ya rubuta cewa kowace jiha ta yi masa, domin suna son wanda ya ambace su da suna. Wata biyar ina buɗe imel kowace asuba, tunda ranar aikinsu tana ƙarewa ne daidai lokacin da tamu ke farawa.

A watan Nuwamba jihar Kudancin Ostiraliya ta gayyace ni in nemi ta tsaya mini a biza 491, da ɗan gajeren wa'adi na haɗa takardu. Na yi jinkirin kwana biyu ina tunani, domin zuciyata na kan ta dindindin. Maiɗakina ce ta warware mini, ta ce, "Malam, shekara na tafiya, kuma makin ba ƙaruwa yake yi ba. Wadda ta zo ita ce tamu." Na ga gaskiyarta, musamman da yake mai biza 491 yana iya neman ta dindindin mai lamba 191 bayan shekara uku, idan ya kiyaye sharaɗin wurin zama ya kuma gabatar da takardun harajinsa na shekarun. A watan Disamba jihar ta amince, gayyatar tarayya ta shigo, aka ba ni kwana 60.

Kuɗin biza a lokacin dalar Ostiraliya 4,640 ne a kaina, rabin haka a kan maiɗakina, 1,160 a kan kowane yaro, mu huɗu ya kama 9,280, ban da kuɗin gwajin lafiya da takardar shaidar 'yan sanda. Lissafin da na yi a 2022 ya rushe, domin tun da aka saki naira a Yunin 2023 take faɗuwa, kuma ranar da na je Wapa tambayar canji dalar Amurka ta riga ta haura naira 1,000. Na sayar da fulotin da na daɗe ina tanadin ginawa. Katin bankina ba ya biyan kuɗi a waje, saboda haka abokina ne ya biya da nasa katin ni kuma na tura wa iyayensa nairar. Wanda zai bi wannan hanya ya kamata ya tanadi kuɗin, da hanyar biyansu, tun kafin gayyata, domin kwana 60 ba su isa a sayar da fili da daraja ba, kuma ni ma ban sayar da nawa da daraja ba.

Na shigar da takardar a Janairun 2024, lokacin da umarni mai lamba 105 ya riga ya maye gurbin na 100 tun tsakiyar Disamba. A sabon tsarin, waɗanda kamfanoni suka ɗauka aiki a yankunan wajen manyan birane su ne na farko, malamai da ma'aikatan lafiya suka koma na biyu. A nan ne na ga amfanin fifikon da idona, kuma ba zan raina shi ba. Wani injiniya da muke tattaunawa da shi ya riga ni shigar da tasa da wata uku, amma aka buɗe tawa aka bar tasa. Sai dai fifikon yana sa a ɗauki fayil da wuri ne kawai, ba ya rage ko sharaɗi ɗaya. Jami'in da ya duba tawa ya nemi ƙarin bayani a kan wata tazara ta wata bakwai tsakanin gama digirina da tafiya hidimar ƙasa, wadda na bari babu komai a fom mai lamba 80, ya ba ni kwana 28. Na amsa a kwana uku, amma fayil ɗin ya koma layi, sai bayan mako shida aka sake waiwayarsa. Layi ɗaya da na ƙi cikewa saboda na ɗauka ba shi da muhimmanci shi ya cinye rabin saurin da fifikon ya ba ni.

Bizar ta fito a watan Mayu, muka sauka Adeled, babban birnin jihar, a Agusta cikin sanyin hunturunsu. A nan ma na tarar da abin da kawuna ya yi tambaya a kai, domin jihar da ta tsaya mini ba ta ajiye mini aji ba. Tantancewar AITSL ta shige da fice ce kawai, shiga aji kuma yana bukatar rajista da hukumar rajistar malamai ta jihar, da binciken cancantar aiki da yara, kuma waɗannan ma sun ɗauki makonninsu muna cin abin da ya rage na kuɗin fuloti. Na fara ne da aikin cike gurbin malamin da bai zo ba, inda ake kiran mutum da sassafe a faɗa masa makarantar da zai je a ranar, kafin a ba ni kwantiragin zango biyu a wata makarantar da ke wajen gari. Duk lokacin da muka sauya gida ina sanar da ma'aikatar harkokin cikin gida cikin kwana 14 kamar yadda sharaɗin bizar ya tanada, kuma takardun haya da na albashi da na haraji suna cikin jaka ɗaya a saman kabad, domin su za a nema ranar da shekara ukun ta cika a watan Mayu na 2027.