Fuloti ɗaya gida huɗu, maƙwabta na ta ƙorafi

Yanzu a Katsina in ka ji an ce an sayar da tsohon gida a Layout ko Ƙofar Ƙaura to ka jira ka ga ikon Allah, wata biyu ba za ai ba sai ka ga an rushe shi an ja igiya an yanka fulotin hamsin da ɗari gida biyu, wani ma uku ko huɗu, gaba kuma a fidda shaguna. A layinmu an yi haka kwanan nan, har yau majalisa ba ta da hirar da ta wuce wannan.

Ni dai ina cikin waɗanda ba su ga laifin yankawar ba. Tun 1987 da garin nan ya zama babban birnin jiha yake cika, ga ma'aikata ga ɗaliban jami'ar Umaru Musa, sannan ga bayin Allah da ɓarayin daji suka koro daga Batsari da Jibiya da Safana, ina za su kwana? Saurayi mai son aure ba ya iya sayen cikakken fuloti a cikin gari sai dai ya nausa can hanyar Batagarawa ko bayan Barhim ya sayi awon igiya inda babu ruwa babu titi, kuɗin babur kullum ya cinye mashi albashi. Ga rabon gado kuma, uba ya rasu ya bar 'ya'ya goma sha, dole ko a saida ko a ja katanga.

Amma fa kukan maƙwabta ba hassada ba ce kamar yadda dillalai ke faɗi. Dattijuwar da ke katanga ɗaya da sabon ginin ta tare magini da kanta ta ce mashi, “Ɗan nan, wannan tagar da ka buɗe a bene tsakar gidana take kallo, can 'ya'yana mata ke wanki ba mayafi, ka ji tsoron Allah.” Shi kuma ya ce Hajiya ki yi haƙuri, abin da mai gida ya ce shi nake yi. Wallahi gaskiyarta ce, sirrin gida ba abin wasa ba ne a wajenmu, shi ya sa ma iyayenmu ke gina soro a karkace don mai wucewa kar ya hango ciki.

Abin da ya fi tada mani hankali shi ne sokawe. Da gida ɗaya ne masai ɗaya can ƙuryar baya, yanzu kowane yanki da nashi ramin, kuma tunda fili ya ƙare sai a haƙa shi jikin katanga, taku kaɗan daga rijiyar maƙwabci, ruwan da yara ke sha ke nan. Wasu ma a kan hanya suke haƙawa su ci lungun, kwata ta toshe, damina na sauka ruwa ya rasa hanya ya koma cikin ɗakunan mutane. Taransifoma kuwa ita ce dai ta da, an ƙara mata mita huɗu da injin bohol.

Kuma doka na nan fa. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasar cikin birni na hannun gwamna, wanda ke da C of O, wato takardar shaidar mallakar fili ta gwamnati, bai da ikon yanyanka fili ya saida ba da izini ba, ginin ma sai hukumar tsara birane ta amince da zanen. Da yawa dai a takardar dillali da sa hannun shaidu suke tsayawa.

Mu a layinmu mun kai maganar wajen mai unguwa, ya kira mai ginin aka zauna bayan la'asar. Ya yarda zai ɗaga tagar sama ya sa mata gilashi mai duhu, sokawen kuma zai matsar da shi gaba. Maganar kwata ce har yanzu ba a daidaita ba don ya ce sai kowane gida ya kawo nashi kason na siminti, mutane kuma sun ce shi ya toshe ta, an dai sa ranar sake zama bayan sallar Juma'a.