Baƙon suna a burauza da kwamfuta mai jan ƙafa

A nan Makka, da zarar kwamfutarka ta yi nauyi, shawara ɗaya ake ba ka: kai ta shago a yi mata fomat. Ni ban cika yarda da wannan ba. Fomat yana share cutar, amma har da hotunan biki da takardun makaranta, kuma ba ya gaya maka ta ina ɓarakar ta shigo.

Kwamfutar tafi-da-gidanka ta gidan Yayata, can wajen Shari' Mansur, ta kowa ce. Yara suna shiga Madrasati, dandalin karatun makarantun Saudiyya, da ita, maigidan yana duba Absher, shafin hidimomin gwamnati, ita kuma Yaya a ciki take ajiye lissafin masu karɓar turaren wuta bashi. Da ta kira ni cewa ta yi, "Ƙanena, zo ka gani, kwamfutar nan ta zama ta wasu." Gaskiyarta. Kana buɗe Chrome sai wani shafi mai tambarin kamfanin da ba wanda ya taɓa jin sunansa ya tare ka, duk abin da ka nema ta wurinsa zai bi, ga tallace-tallace ta ko'ina. A ƙasan jerin saituna kuma an rubuta wai wata hukuma ce ke kula da burauzar. Wace hukuma, a gidan da ba kowa sai mu?

Wannan rubutun na ƙasan saituna an yi shi ne don kwamfutocin ofis da na makaranta, inda mai kula da su yake kafa dokokin da ma'aikaci ba zai iya canzawa ba. In ya fito a ta gida, ko dai tsohuwar ta ofis ce aka sayo a haraj, wato kasuwar kayan gwanjo, ko manhajar kashe bairos ce ta sa shi, ko kuma wata manhajar talla ta lallaɓo ta kafa nata dokokin. Rubuta chrome://policy a wurin adireshi, za ka ga dokokin a jere. A tasu, doka ɗaya ta kulle shafin farko, ɗaya ta kulle injin bincike. Shi ya sa duk yadda maigidan ya yi ya mayar da Google, baƙon ya ƙi tafiya.

Na jera manhajojin da ke ciki bisa ranar da aka saka su, sai ga asiri ya tonu. Babban ɗansu ya sauke wata manhajar kyauta ta sauke bidiyo, ya yi ta danna "na yarda" bai karanta ba, wasu suka biyo bayanta a rana ɗaya. Na cire su, na shiga chrome://extensions, inda ƙananan manhajojin da ke manne da Chrome suke, na kori duk abin da ba mu sani ba, sannan na bi da AdwCleaner na kamfanin Malwarebytes, wanda kyauta ne. Akwai maɓoya ɗaya da ake yawan mantawa: alamar Chrome ta kan allo. Danna ta da maɓallin dama ka duba bayananta; in ka ga wani adireshi a manne bayan chrome.exe, goge shi. Mayar da saitunan Chrome yadda suka zo ba ya taɓa kalmomin sirri da shafukan da ka adana, amma ba ya cire waɗancan dokoki. Su a rajistar Windows suke kwance, wato ma'ajiyar saitunanta na ciki, kuma wanda bai saba ba kada ya shiga can shi kaɗai.

Tambari ya tafi, Yaya ta yi hamdala, amma kwamfuta tana nan tana jan ƙafa kamar raƙumin da aka yi wa lodi ya wuce kima. Cuta biyu ce daban, mutane ne ke haɗa su.

Na danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager, mai nuna abin da ke cin ƙarfin kwamfuta, ya buɗe: faifan ajiya yana kan kashi 100 alhali ba a buɗe komai ba. Tsohon faifai ne mai juyawa, irin mai zagaye 5400 a minti, ga RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki, gigabait 4 kacal, ga manhajar kashe bairos har biyu suna rububin duba fayil ɗaya. Na bar mata Defender kaɗai, mai kashe bairos da ya zo da Windows, na kashe tarkacen da ke tashi tare da kunnawa. Sai zafi. A kan katifa yara ke ɗora ta, ramukan iska duk sun toshe da ƙura, kuma kwamfuta in ta yi zafi da kanta take rage gudu don kada ta ƙone.

Abin da ya kawo canji na gaske shi ne SSD, wato faifan ajiya mai sauri wanda ba ya juyawa. Maigidan ya sayo mai gigabait 256, kuɗinsa bai kai na ƙaramar waya ba, aka kwafe komai a kai. Da, sai a kunna a je a dafa shayi a dawo. Yanzu kafin ka gyara zama ta tashi.

Na dai gaya masa kada ya ƙara zuba mata kuɗi. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, ita kuma wannan ba ta da TPM 2.0, wata na'urar tsaro da Windows 11 ke bukata. Kafin su sayi wata, na buɗe wa yaran asusunsu daban wanda ba shi da ikon saka manhaja, kalmar sirrin babban asusun kuma tana hannun Yaya.