Haɗin gwiwar haɗa injin tirela: abin da na gani da idona

Masu tambayata a kan yadda muka yi da abokin harkata ɗan Chana, ga shi zan faɗa sau ɗaya in huta. Ni dai bakanike ne, garejina a Kano yake, aikina injin manyan motoci, tifa da tirela. Mutumin nan a wajensa nake sayen kaya, fistin da ringi da silif da gaskit, har yarda ta shiga tsakani ya ce me zai hana mu buɗe wajen haɗa inji tare, shi ya kawo kaya da na'urar saita famfon mai da injiniyansa, ni in kawo fili da yara da takardu da kwastomomi, riba a raba biyu. Na ce bismillah.

Abin da ya ƙara min ƙarfin gwiwa shi ne ai manyan ma haka suka yi. Kamfanin injuna Cummins na Amurka ya haɗa kai da Tata a Indiya a 1993, masana'antar tana Jamshedpur, hamsin-hamsin. A 1996 kuma ya yi irin wannan da Dongfeng a Chana, shi ya sa za ka ga inji samfurin 6BT ko 6CT an rubuta Cummins a jiki amma a Xiangyang aka haɗa shi, kuma ba jabu ba ne, wannan rigimar na sha yinta da direbobi. Shi kansa injin WD615 ɗin da ke cikin motar Howo 371 da ya cika mana titi asalinsa na Steyr ne na Ostiriya, a 1983 Chana suka sayi fasahar. Steyr ɗin nan dai da aka kafa masana'antar haɗa motocinsa a Bauchi. Su 'yan Chana sun riƙe abin har ya zama nasu, mu kuma namu kowa ya san yadda ta kaya.

To aiki ya fara, injin farko da muka tayar WD615 ne, wallahi ranar ko abinci ban iya ci ba don murna. Sai dai a hankali na lura da wani abu. Yarana su ke wanke bulok, su sa silif, su ɗaura kiranshaf, duk aikin ƙarfi da baƙin mai namu ne, amma da an zo kan famfo da nozul sai injiniyan ya shige ɗakin na'ura ya ja ƙofa, in ya fito sai ya miƙo maka famfo an gama. Takardar da ke da lambobin saiti da Sinanci take, a wayarsa. Ran da ya tafi gida hutun sabuwar shekararsu injuna suka yi layi a ƙasa, masu motoci na ta kira, mu kuma muna zaune kamar an bar mana gadin kanti ba makulli.

Na biyu maganar kuɗi. Ribar da ake rabawa biyu ba ta taka kara ta karya ba, don shi ya riga ya ci tasa tun a farashin kayan da yake turo wa kamfanin, kuma ba mu da ikon saye a wani waje. Da naira ta faɗi a 2023 abin ya ƙara fitowa fili, shi lissafinsa da yuwan ne ni nawa da naira, kwantena na kan ruwa farashi na canzawa. Ba zan ce cuta ce ba, haka kasuwar take, duk wanda ke riƙe da kaya da sani shi ke da kamfani ko da takarda ta ce rabi da rabi.

Sai muka sake zama, da lauya wannan karon. Na ce dole yarana biyu su shiga ɗakin nan a koya musu saiti har su iya su kaɗai, a fassara takardar, farashin kaya a rubuta shi a ajiye, in na samu mai kyau da sauƙi a Ƙofar Ruwa ko wani waje in saya, sannan a fayyace wa zai ɗauki asara in inji ya dawo. An kai ruwa rana a kan ta farkon, sauran bai wani ja ba, daga nan na gane inda nauyin yake. Sinotruk ma, kamfanin Chana mai ƙera Howo, a 2009 sai da suka ba MAN na Jamus kashi 25 na hannun jari da ɗoriyar guda ɗaya kafin su samu fasahar da suka yi injin MC da ita, ba a ba da wannan abu a banza. Ni abin da na bayar shi ne na ƙara masa shekarun yarjejeniya.

Wani abu ga masu son shiga, ku kula da lambar inji ba suna ba. Weichai, kamfanin injuna na Chana, da Sinotruk sun rabu tun 2006, kowa na yin nasa WD615 ɗin, ba kowane kaya ke shiga na wani ba. Kuma sababbin injunan da ke zuwa yanzu masu kwamfuta ne, ba sa son gurɓataccen gas, gyaransu sai da laftof, kuma manhajar tana hannunsu, ita ce maganar da za mu zauna a kai in abokin harkar tawa ya dawo bayan sallah.