Ratar yatsa ɗaya tsakanin inji da giya

Ni na kashe injin da hannuna, gara in faɗi wannan tun farko. Ina dawowa daga Zariya cikin zafin watan Afrilu, daidai Kwanar Ɗangora na ga allurar zafi ta wuce rabi tana hawa. Maimakon in sauka gefen titi, sai na ce bari in lallaɓa zuwa Kura. Ban kai Kura ba. Ashe tiyon lagireto ne ya tsage, ruwa ya tsiyaye kaf, ni kuma ina ta taka totur. Da aka jawo motar gida washegari, na zaro sandar awon baƙin mai, sai ga man ya koma kamar shayi da madara.

Motar Toyota 4Runner ce ƙirar 1998, ta mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa. Injinta shi ne wanda ake kira 5VZ-FE, mai silinda 6, lita 3.4. Gangar jikinsa baƙin ƙarfe ne, amma kawunansa biyu na alminiyam ne, shi kuwa alminiyam ba ya jure irin wannan gashin, karkacewa yake yi ko ya tsage. Na yi lissafin gyara, na yi lissafin sayen injin Beljiyam, na zaɓi na biyun. Sana'ata gyaran janareta ce, shekaru ina kwance inji ina ɗaurawa, don haka na ce ai inji inji ne, a tsakar gida zan yi abina ni da ƙanena. Akwai wani dattijon bakanike a layinmu da ido ya sa ya ajiye aiki, kowa Baba yake ce masa. Da ya ji niyyata bai hana ni ba. Cewa kawai ya yi a ajiye masa benci a inuwa.

Kwancewar ba ta ba mu wuya sosai ba. Mun cire batir, mun zubar da ruwa da mai, mun zana wa maƙalan bonet alama kafin mu sauke shi, mun fitar da lagireto da fanka. Kwamfiresar esi da famfon sitiyari ba mu kwance tiyoyinsu ba, gefe muka ɗaure su da waya don kada gas ya tsere. Kowace waya na cire sai na manna mata tef da lamba, na ɗauki hoto. Notuna kuwa gwangwanayen madara muka jera, kowanne da takardarsa. Motar a kan guntayen katako masu kauri muka tokare ta, domin Baba ya ce idan ya ga bulon siminti a ƙarƙashinta tashi zai yi ya tafi, bulo ba ya yi wa mutum sallama kafin ya ruguje. Cembulok ɗin ma, wato sarƙar ɗaga inji, ba a reshen darbejiya muka rataye shi ba kamar yadda na so, sai da wani mai walda ya haɗa mana ƙafafu uku na bututun ƙarfe. Abin da ya doshi kilo 200 ba a yi masa ganganci.

Kusoshin sama da suka haɗa inji da giya ne suka cinye mana yini. Ba a ganinsu, hannu ba ya kaiwa, sai daga ƙasa da dogayen sanduna a jone da juna. Da muka gama, na fara jan sarƙa, inji ya taso kamar taƙi guda, sai ya tsaya. Na ƙara ƙarfi. Baba ya ɗago kai ya ce, "Ɗan nan, me ya riƙe shi?" Na ce, "Ba komai, Baba, nauyi ne." Na sake ja, sai ji muka yi ɓas! Wata wayar at ce, mai haɗa inji da jikin mota, a can baya da na manta, ta tsinke, ta kuma fizgo wata soket ta fasa ta. Kuɗin rewaya na farko ke nan. Baba bai yi faɗa ba, ya dai ce nauyi ba ya ƙaruwa a tsakiyar hanya.

Injin da na saya a Ƙofar Ruwa, mai shagon ya yi mini gaskiya: 5VZ ne, amma ba daga 4Runner aka ciro shi ba. Na ji, ban sa a kai ba. Ashe wannan injin ya zauna a motoci da dama, akwai Prado, akwai Tacoma, akwai T100 da Tundra, kuma kowace da yadda aka yi masa sutura. Da muka jera tsohon da sabon a ƙasa, sai bambanci ya fito. Botom-filet ɗinsu, wato kaskon ƙasan inji da baƙin mai ke taruwa a ciki, ba ɗaya ba ne, tumbin sabon zai daki ƙarfen gaban motar. Wasu soket-soket ma bakinsu daban. Dole muka tuɓe sabon, muka sa masa botom-filet ɗin tsohon tare da bututun da ke zuƙo mai, bayan mun wanke su fes da fetur, muka mayar masa da wayoyi da wuyan iskar tsohon. Botom-filet ɗin nan ba gasket gare shi ba, gam ɗin silikon ake zizara masa, kuma idan aka cika shi, ragowar tana gutsurewa ta toshe rariyar mai. A nan ma hannu mai nauyi ɓarna yake yi. Da na yi abin da zuciyata ta raya mini, na sayar wa 'yan gwangwan tsohon injin tun ranar da ya sauka, da na shiga uku.

Nan aljihu ya fara kuka, ƙanena yana cewa a ɗora haka nan tunda mai shago ya tayar mana da shi mun ji ƙararsa. Amma akwai abubuwan da, idan inji yana ƙasa, aikin minti 20 ne, idan ya hau kuwa sai an sake kwance rabin mota. Sil ɗin bayan karanshaf na farko. Sai taimin-bel da famfon ruwa, da 'yar wayar nan ta nok-sensa (na'urar da ke jin ƙwanƙwasar inji) da ke kwance cikin kwarin da ke tsakanin kawunan biyu, wadda zafi yake busar da ita har ta riƙa karyewa kamar taliya. Duk mun canza. Na kuma sa sabon tamostat, wato abin da ke tare ruwa har sai inji ya yi zafi, ko da yake mutum uku sun ba ni shawarar in jefar da shi wai don ƙasar sanyi aka yi shi. Ban yarda ba, har yau ma ban yarda ba. Injin da ba ya kaiwa zafin aikinsa mai yake sha, ya kuma ci kansa a hankali. Tamostat ɗin wannan injin ma akwai abin mamaki: 'yar ƙusar da ke jikinsa ƙasa take kallo, saɓanin yadda aka saba a yawancin motoci.

Waje ɗaya ne aka nemi ƙarfina duka, kusar fulin karanshaf. Ita ma da awo, 295 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri) littafin motar ya ce, sai da na aro safana mai ma'auni na ɗaure ta.

Ranar ɗorawa, Asabar ce, muka sauke inji a hankali, muna karkata shi, har ya fuskanci giya. Ya shiga, ya shiga, sai ya tsaya. Saura rata kamar kaurin yatsa. Muka girgiza, muka ɗaga giya da jak, muka sauke, ratar tana nan. La'asar ta yi, gumi ya jiƙa ni, hannuna duk ƙujewa. Sai dabara ta zo mini: kusoshin ai dogaye ne, sun kama zare, in ɗaure su bi da bi su jawo injin da kansu. Har na sa soket na yi juyi biyu.

Baba ya taso daga bencinsa, abin da bai yi ba tun da muka fara. Ya durƙusa da ƙyar, ya zura hannu ta ƙasa, ya taɓa kwambata, wato tulun ƙarfen nan da ke tsakanin inji da giyar otomatik, ya yi ƙoƙarin juya ta. Ko motsi. Ya ce, "Saki kusar nan." Na ce, "Baba, saura ƙiris fa." Ya ce, "Ƙiris ɗin nan kuɗin giya ne. Fitar da shi."

Ran nan na ji haushinsa, ba zan ɓoye ba. Amma muka ja inji baya. Ga abin da ya faru: lokacin da muka ciro tsohon injin, kwambata ta ɗan biyo shi ta zame gaba, ni kuma na tura ta da hannu na ɗauka ta koma. Ita kuwa hawa-hawa take zama. Akwai haƙoran sanda ta ciki, akwai na ta waje, sannan can ƙarshe bakinta ya faɗa cikin famfon man giya. Sai ana juya ta ana turawa, a ji ta faɗa, a ci gaba, a sake jin ta faɗa. Tawa ba ta kai hawan ƙarshe ba, bakinta yana tokare da famfon. Da na ɗaure kusoshin nan, da ƙarfinsu kaf a kan famfon zai sauka ya fasa shi, in tayar da mota lafiya lau, in sa giya ta ƙi motsi, ko ta yi 'yan kwanaki ta tsaya. Baba ya sa na riƙa juyawa har muka ji ƙwas, ta nutse ciki. Muka sake sauke inji, ya manne da giya ba tare da an roƙe shi ba. Sannan ya nuna mini shaida: kwambatar tana juyawa da yatsa, har da 'yar tazara tsakaninta da farantin inji, ita ake jawowa gaba a ɗaure kusoshinta 6, a fara kama su duka kafin a matse ko ɗaya.

Abin da ya dame ni daren nan ba kuskuren ba ne. Na san wannan a janareta. Ko yaron shagona na gani yana jawo murfi da kusa sai na daka masa tsawa. Amma da gajiya ta zo, ga magariba ta gabato, ga maƙwabta suna leƙowa, sai na yi wa motar abin da na yi mata a Kwanar Ɗangora.

Sauran aikin jone-jone ne, gwangwani bayan gwangwani har suka ƙare. Na ƙirga tsummokaran da muka toshe ramuka da su saboda ƙura, na tabbatar duk sun fito. Lagireto da tiyoyi sababbi na sa, da ruwan sanyaya inji na gaskiya, ba na rijiya ba. Kafin tayarwa na zare fis ɗin EFI, wanda idan babu shi inji ba ya tashi, na yi ta ba ta ki har fitilar mai ta mutu, alamar mai ya zagaya, sannan na mayar. Bugu biyu ta kama. Hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida daga man da ya zuba a kan salansa, maiɗakina ta fito da gudu da bokitin ruwa, ƙanena yana ta dariya. Muka kunna hita, muka bar ta tana aiki har iska ta gama fita daga lagireto. Rasit ɗin injin yana cikin takardun mota, saboda lambar inji ta canza, kuma a hanya ana tambaya.

Bayan sati na kai wa Baba ɗan abin goro a ambulan. Ya ture hannuna. Ya ce in dai ina son in ba shi wani abu, in sa yara su turo masa tsohon injin a baro. Na ce, "Baba, ai ya mutu." Ya ce kawunan ne suka mutu, gangar jikin sai ya shafa ya ji tukuna. Yanzu haka yana zaurensa a kan tsohuwar taya, ya riga ya zare fiston biyu.