Na Canza Kwandensa da Hannuna, Esi Ya Ƙi Sanyi

Ɗan dutse ne ya jawo mini wannan aiki. Ina bin bayan wata babbar mota mai ɗauke da tsakuwa, na ji ƙas a gaban motata, ban ma rage gudu ba. Bayan kwana biyu esi ya koma hura iska zalla, babu ko ɗigon sanyi. Da na durƙusa na leƙa ta ramukan bamba, sai na hango wani wuri a jikin kwandensa, wato abin nan mai kama da lagireto da ke huce gas ɗin esi, ya jiƙe da maiƙo, ƙura ta manne a kai. Gas ɗin esi tare yake zagayawa da man kwamfaresa, wato famfon da ke matse gas ɗin, shi ya sa duk inda ya samu kafar tserewa sai ya bar tabon mai. Nan take na san inda ciwon yake.

Motar ƙirar 2008 ce, kuma na saba yi mata ƙananan gyare-gyare da kaina. Sai da na yi kusan mako biyu kafin na samo sabuwar kwandensa, motar kuwa tana ta yawo da huda a jikinta. Canjin bai ba ni wahala ba. Na sauke bamba, na zare wayoyin da suka tare mini hanya, na kwance bututu biyu da ƴan notuna, na ɗora sabuwa na ɗaure. Daga nan na sayo irin gwangwanin gas ɗin nan mai zuwa da ɗan tiyo da geji mai launi-launi, na maƙala a bakin bututu mai kauri, na tayar da inji, na yi ta matsawa. Can sai na ji kulocin kwamfaresa ya kama, ƙat, allura ta shiga kore, iska mai ɗan sanyi ta fara fitowa. Na rufe bonet ina ji da kaina.

Murnar ba ta kai mako ba. A buɗaɗɗiyar hanya sanyi ba laifi, amma da na tsaya a cunkoso sai iskar ta ɗumame. Wani lokacin kuma ana cikin tafiya lafiya ƙalau, bayan kamar minti ashirin sai sanyin ya ɗauke, in na kashe esin na ɗan jima na kunna sai ya dawo. Na ce gas ne bai isa ba, na sayo wani gwangwanin na ƙara rabi. Abin sai ya ƙara lalacewa: inji ya riƙa nishi, kwamfaresa na kamawa yana saki kamar mai shaƙuwa.

Dole na kira yayana, wanda ya shekara da shekaru yana aikin firij da esi. Bai bari na gama ba shi labari ba.

"Ka zuƙe iskar ciki kafin ka zuba gas?"

"A'a, Yaya."

"Diraya fa, mai tsotse danshi, ka canza?"

Na yi shiru.

"To giram nawa ka zuba?"

Na ce allura dai ta shiga kore. Ya yi dariya har da tari, ya ce gobe da sassafe zai zo da kayan aikinsa, kada in tayar da motar kafin ya iso.

Ya zo da geji mai fuska biyu, shuɗi na ɓangaren ƙaramin matsi, ja na ɓangaren babban matsi, da tiyo ruwan ɗorawa a tsakiya. Ya haɗa, inji a kashe, allurai biyun suka tsaya daidai da juna wajen 110 a ma'aunin matsi na psi. Na ce, "Ka gani ko, Yaya, gas a cike yake." A nan ya koya mini abin da ya fi komai amfani a wannan rana. Muddin akwai ruwan gas a cikin bututu, ko cokali ɗaya ne ko cikin tulu, matsin da geji zai nuna in inji na kashe zafin gari ne ke yanke shi, ba yawan gas ba. R134a, irin gas ɗin esin motata, a digiri 25 yana ba da kusan psi 82, a digiri 30 kusan 97, a digiri 35 kusan 114. Safiyar nan ma'aunin zafinsa ya nuna digiri 30. Ke nan allurar ba ta ce komai a kan yawan abin da na zuba ba, abin da ta faɗa kawai shi ne akwai wani baƙo a ciki da ya ɗaga matsin ya wuce ƙa'ida. Baƙon nan kuwa iskar duniya ce, wadda na rufe a ciki ranar da na ɗaure bututu.

Muka tayar da inji, muka kunna esi. Jar allura ta kama hawa, ta wuce 250, ta wuce 300, sai kwamfaresa ya saki. Yaya bai kalli geji ba ma, ya leƙa gaban inji ya ce in zo in gani. Fankar lagireto na juyawa, amma ta kusa da ita, ta kwandensa, ko motsi. Soket ɗinta na can yana lilo inda na zare shi ranar da na sauke bamba. Ba na jin na taɓa jin kunya irin ta wannan lokaci.

Sai a nan na fahimci dalilin ɗumamar iska a cunkoso. Esi ba ya ƙirƙirar sanyi, zafi yake kwashewa daga cikin mota ya kai waje. Kwamfaresa ya matse gas ya yi zafi, kwandensa ta huce shi ya koma ruwa, ruwan ya bi ta wani ƙaramin bawul mai ƙuntatacciyar hanya ya fesu cikin ibaforeta da ke ƙarƙashin dashbod, can ya tafasa, tafasar ce ke shanye zafin iskar da ake huro mana. R134a in an sake shi a fili a digiri 26 ƙasa da sifili yake tafasa. To in kwandensa ba ta samu iska ba, zafin ba shi da inda za shi. A guje iskar hanya ke rufa mini asiri, a tsaye kuma babu mai taimako. Da muka mayar da soket fanka ta ɗauka, jar allura ta sauko wajen 260, amma tana ta karkarwa, kuma har yanzu ta yi sama da yawa.

Ɗaukewar sanyi bayan minti ashirin kuwa, Yaya ya ce danshi ne. Ɗigon ruwa in ya isa bakin ƙaramin bawul ɗin nan sai ya daskare ya toshe hanya, in ka kashe esi ƙanƙarar ta narke, hanya ta buɗe. Aikin diraya ke nan, ƙwayoyin da ke cikinta su tsotse danshi, amma tawa ta sha iskar waje mako biyu ta hudar kwandensa, ta riga ta ƙoshi. Kuma danshi ba toshewa kaɗai yake jawowa ba, man PAG da ke cikin kwamfaresa yana zuƙar ruwa sosai, in suka daɗe tare sai ya lalace, ya fara cin ƙarfe daga ciki.

Babu gyaran da ya wuce a koma farko. Ya kwashe gas ɗin da injinsa zuwa wani tulu na daban. Na tambaye shi me zai hana a buɗe kawai ya fice, tunda gurɓatacce ne. Ya harare ni. R12, gas ɗin da tsofaffin motoci ke amfani da shi, an daina shi ne bayan yarjejeniyar Montiriyal ta 1987 saboda yana cin rufin ozon, R134a da ya gaje shi a shekarun 1990 ba ya yin wannan ɓarnar, amma wajen ɗumama duniya ya ninka iskar kabon sau 1,430. Saboda haka ne sababbin motoci da yawa suka koma R1234yf, wanda bakin bututunsa ma daban yake don kada a gauraya. Duk mai son taɓa esin motarsa ya fara karanta ƴar takardar da ke manne a ƙarƙashin bonet, can aka rubuta irin gas da yawansa. Tawa ta ce R134a, giram 500. Shekaru ina buɗe bonet ɗin nan ban taɓa karanta ta ba.

Kafin a zuƙe iska sai da ya dage a nemi yoyo. Ya cika bututu da iskar naitirojin har psi 150, ya miƙo mini ruwan sabulu da buroshi, ya ce in bi duk mahaɗar da na taɓa. Naitirojin busasshiya ce, ba kamar iskar famfon taya ba mai ɗauke da ruwa, iskar oksijin ta masu walda kuwa ko da wasa, in ta haɗu da mai a ƙarƙashin matsi fashewa take. Mahaɗar ƙasa shiru. Ta sama kuwa, a hankali kumfa ta fara kumbura kamar ƙwan kwaɗo. Muka kwance, sai ga tsohon zoben roba da na mayar, ya baje ya taurare, gefe ɗaya har ya tsage. Ɗan hakin da ka raina. Sabuwar kwandensar ma da sababbin zobba ta zo a ƴar leda, korra, ni kuwa na ga tsofaffin kamar lafiyarsu lau na ajiye sababbin. Muka shafa musu man kwamfaresa muka saka, muka ɗaure daidai ba tare da murɗewa da ƙarfin tsiya ba, don bututun alminiyam ne, ba ya son fushi.

Muka ƙara mai kamar mililita 30 madadin wanda ya tafi da tsohuwar kwandensa, PAG 46, irin wanda littafin motar ya ce. Mai ma da ma'auninsa, in ya yi yawa sai ya lulluɓe cikin bututu ya rage sanyi. Yaya ya ce motoci masu haɗin batir da fetur da kwamfaresarsu ke aiki da lantarki nasu man daban ne, kada in ga na iya wannan in je in taɓa ta wani. Diraya ita muka saka a ƙarshe, bai yarda a cire mata toshiyar baki ba sai da komai ya zama a shirye. Muka sake gwada naitirojin, babu kumfa ko'ina, allura ba ta motsa ba.

Sai zuƙe iska. Ya haɗa tiyon tsakiya da famfon bakyum, ya buɗe shuɗi da ja duka, allura ta nutse ƙasa da sifili har kusa da 30. Cikin minti biyar ta isa can, na ce ai an gama. Ya ce in nemi wurin zama. Iska ce ke fita da wuri, ruwa kuwa sai an ba shi lokaci: idan matsi ya yi ƙasa sosai ruwa yakan tafasa ko babu wuta, ya zama tururi, famfo ya janye shi kaɗan-kaɗan. Minti 45 muka bar shi yana gurnani. Sannan ya rufe bawul ɗin biyu, ya kashe famfo, muka ƙara rabin awa muna kallon allura. Da ta ɗaga da sai mu koma neman yoyo. Ba ta ɗaga ba. Na tambaye shi me ya sa ba a wadatu da wannan gwajin kaɗai ba a bar naitirojin, ya ce bakyum ciki yake jan roba, yana iya rufe ƴar kafa, alhali esi a bakin aiki waje yake tura ta.

Zuba gas ɗin shi ne ya fi komai sauri, kuma shi ne abin da na ɗauka a da shi ne aikin gaba ɗaya. Ya ɗora tulun gas a kan sikeli, ya mayar da lamba sifili. Ya ɗan sassauta tiyon tsakiya daga wajen geji har ya yi tsss, don iskar da ke cikin tiyon ta fita kada mu mayar da abin da muka sha wahalar cirewa. Da safar hannu da tabarau yake aikin, ruwan gas in ya taɓa fata ƙuna yake kamar wuta, a ido kuwa ba a magana. Inji a kashe ya buɗe jan bawul, bututun da babu komai a cikinsa ya zuƙi kusan rabi da kansa. Sai ya rufe jan bawul gam, ya sa na taɓa da hannuna na tabbatar. Ya ce wannan in ka manta shi a buɗe inji na aiki, matsin kwamfaresa cikin tulu zai koma, gwangwani irin nawa kuwa a hannunka zai tarwatse. Na tayar da mota, esi a ƙarshen sanyi, fanka a ƙarshen gudu. Ragowar ta shuɗin ɓangare ya shiga, tulu a tsaye don tururi ya riƙa shiga ba ruwa ba, saboda kwamfaresa ba ya iya matse ruwa. Da shigar gas ɗin ta yi jinkiri sai ya sa gindin tulun a ruwan ɗumi.

Sikeli ya nuna 500, ya rufe.

Na riƙe totur, inji na juyawa wajen sau 1,500 a minti. Shuɗi ya zauna tsakanin 30 da 35, ja wajen 200, babu karkarwa. Bututu mai kauri ya yi sanyi har yana gumi, siririn ya ɗau zafi, ruwa ya fara ɗiga a ƙarƙashin mota daga ibaforeta. Ma'aunin zafin da muka soka a ramin iska na tsakiya ya sauko har digiri 7. Muka bar ta a silo minti goma sha biyar don a kwaikwayi cunkoso, sanyin bai gusa ba. Duk da haka zuciyata ba ta daina raya mini ba, na ce, "Yaya, a ɗan ƙara ko giram hamsin mana, ya ƙara ƙarfi." Ya ce wanda ya ƙera motar ya fi ni son ta yi sanyi, kuma 500 ya rubuta. Gas in ya wuce kima sai ya cika kwandensa da ruwa, wurin hucewa ya ragu, matsi ya hau, sanyi ya ja baya. Rabin gwangwanin da na ƙara kwanan baya abin da ya yi ke nan.

Da ya zare tiyo bai tafi ba, sai da ya ɗiga ruwan sabulu a bakunan zuba gas ɗin biyu. Akwai ɗan bawul a ciki irin na taya, kuma muddin geji na haɗe ba za ka taɓa sanin yana yoyo ba. Babu kumfa. Ya busar, ya mayar da murafan ya ɗaure, ya ce su ma da robarsu a ciki, ba ado ba ne.

Wata na biyar ke nan ban ƙara ko giram ɗaya ba. Nakan kunna esin na ƴan mintuna duk mako ko da gari da sanyi, don mai ya zagaya ya jiƙa robobin kada su bushe. Rabin gwangwanin nan da ya rage, da ɗan gejinsa mai launi-launi, Yaya ya ɗauke ya jefa a jakarsa tun ranar, bai ma tambaye ni ba.