Sabulun da Na Shafa wa Tanki

Shekaranjiya da hantsi ina zaune a bakin shagona sai ga ɗan ƙanwata ya tsaya da Boxer ɗinsa, ya ce in ba shi sabulun wanki guda. Na ɗauka uwarsa ce ta aiko shi. Kafin in lalubo canji, yaron nan ya tsuguna gefen babur, ya tofa wa sabulun yawu, ya shiga murza shi a ƙasan tanki, daidai inda famfon mai ya haɗu da jikin tankin. Injin ko hucewa bai yi ba, ga kuma mai shayi da wutarsa taku biyar daga wurin.

Na ce, "Kai, me kake yi haka?"

Ya ce, "Kawu, ɗan ɗigo ne. Haka kowa yake yi."

Ko abin jin waƙar da ke kunnensa bai cire ba. Na buɗe baki zan zage shi sai harshena ya yi nauyi, domin amsar da ya ba ni tawa ce. Ni na fara ba wani dattijo ita, tun shi yaron yana yawo ba wando.

A 2010 ne. Lokacin acaɓa na ci a Kano, kafin a hana shi a Janairun 2013, litar fetur kuma naira 65. Jincheng nake ja, ba nawa ba, na wani Alhaji ne a unguwarmu, kullum bayan isha'i in kai masa balas. Daga Kurna zuwa Bata, daga Bata zuwa Kwari, haka nake wuni. 'Ya'ya uku, mai ɗakina da tsohon ciki. Ina faɗin wannan ne don a san ba iskanci ya sa na yi abin da na yi ba, ko da yake yanzu in na zauna na duba, ban ga inda 'ya'ya uku suka hana mutum sayen roba ba.

Wari ya fara. Sai in ji wandona na warin fetur daga gwiwar hagu, har wata Hajiya da na ɗauko daga Sabon Gari ta ce in sauke ta, kanta na juyawa. Na biya wajen makanikina, wani dattijo mai ƙarancin magana. Ya shafa yatsa ƙarƙashin tanki, ya duba, ya ce robar da ke tsakanin famfon mai da tanki ce ta bushe ta tsage. Ya ce a juye man, a cire tiyo, a kwance famfon, a kankare wurin, a sa sabuwa. Kuɗin robar bai kai na lita biyu ba. Amma akwai babura uku a gabana, ranar kuma Juma'a, kowa ya san abin da ɗan acaɓa yake samu bayan an taso daga masallaci. Na ce zan dawo gobe. Ya ce, "Malam, fetur ba ya jiran gobe." Na ce ɗan ɗigo ne, haka kowa yake yi.

A tasha aka koya mini sabulu. Kuma gaskiya ɗaya ce, yana yi. Fetur ba ya narkar da sabulu, shi ya sa in ka cusa shi a tsaga sai ɗigon ya tsaya cak, ka ga kamar ka yi wa makaniki wayo. Abin da ba a gaya maka ba shi ne ruwa na narkar da shi, jijjigar hanya kuma na karkaɗe shi. Ranar da aka yi ruwan sama ko na wanke babur, ɗigo ya dawo, ya fi na da. Wata uku ina yawo da guntun sabulu a aljihu kamar mai shirin wanka a hanya.

A wata ukun nan a zaure babur yake kwana saboda ɓarayi, ƙofa a rufe, ni kuma lokacin zafi a nan nake shimfiɗa tabarma, in kunna maganin sauro a ƙasa kusa da kaina. Sai daga baya na san tururin fetur ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama ya fice, kwanciya yake yi a ƙasa yana rarrafe har ya tarar da wuta. Wato wata uku ina kwana da ajalina a gefe. Allah ya tsare, ni kuma na ɗauki tsarewar a matsayin shaida cewa dattijon nan tsoro ne kawai ya yi masa yawa.

Da sabulu ya ishe ni, maimakon in koma gareji sai kunya ta hana ni. Na kwance famfon da kaina, na yanko roba daga tsohon tiyub na taya, na huda ta da ƙusa, na sa. Kwana biyu lafiya lau. A na uku robar ta kumbura ta yi laushi kamar ganda ta sha dahuwa, ta fara ɓullowa ta gefe. Robar tiyub iska aka yi ta ta riƙe, ba mai ba. Wadda ake sa wa famfo wata iri ce daban da fetur ba ya ci, duk da a ido baƙaƙe ne su biyun. Wa zai gaya mini? Ba wanda na tambaya.

Har murfin tankin ban ƙyale ba. Shi ma robarsa ta gaji, in na cika tanki na faɗa rami sai mai ya fantsalo, don haka na naɗe bakin da leda na danne da murfi. Babur ya koma yana mutuwa bayan 'yar tafiya kaɗan. Na sayi sabon fulogi, na sa aka wanke kafireto, duk a banza. Ashe murfin yana da 'yar ƙofar shan iska, in ka toshe ta mai ba zai sauko ba, kamar ka kifa gora ka toshe bakinta. Wani yaro a tasha ne ya buɗe murfin, tankin ya ja numfashi fuu, aka yi ta yi mini dariya. Kuɗin fulogin nan kaɗai ya isa robobi biyun.

Sai kuma gyaran gangar Abzinawa na ƙarshe. Na ce tunda roba ta ƙi, ƙarfi zai yi. Na sa sifana na ɗaure, na ƙara ɗaurewa, na tattaro ƙarfina na ƙara, sai na ji ƙas. Ƙasan tanki wuri ne da ruwa ke taruwa, don ruwa ya fi fetur nauyi, ni kuwa rabin man da nake sha na 'yan bumburutu ne a galan, ga raɓar da tanki ke yi da kansa in kullum rabinsa iska ce. Tsatsa ta riga ta cinye ƙarfen ta ciki, ni na ƙarasa shi. Yanzu ba roba ce ke yoyo ba, tankin ne ya tsage.

Na juye man a galan, na ciro tanki na rungumo shi zuwa wajen masu walda. Ogan wurin ya shinshina ya ajiye. Ya ce sai an wanke shi da omo da ruwan zafi sau da yawa, ya kwana a buɗe, kuma ko a hakan sai ya cika shi da ruwa kafin ya kai masa wuta. Na ce Oga ba ko ɗigo a ciki, na girgiza masa. Ya ce, "Wanda ba komai a ciki shi ne mai kisa." Ban gane ba a lokacin. Cikakken tanki ba shi da wurin iska sosai, amma wanda aka juye cike yake da tururi gauraye da iska, abin da wuta take nema ke nan.

Oga ya tafi sallar la'asar. Akwai yaronsa, bai wuce shekara goma sha bakwai ba. Na ce masa ɗan taɓawa ne kawai, na nuna masa kuɗi. Ya ce, "Yallaɓai, an wanke?" Na ce tun jiya ba mai a ciki. Awa ɗaya ba a yi ba da juye shi.

Ƙarar har yau tana kunnena. Tankin ya kumbura kamar ƙwarya, ya tsage ta gefe, yaron ya faɗi ta baya yana riƙe da fuska. Gashin girarsa ya tafi, kuncinsa ya saɓule, kunnen damansa na jini. Ni da na ja da baya ko ƙwarzane ban yi ba.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa ba ni na riƙe wutar ba. Shi ne mai sana'a, ya ji abin da ogansa ya ce, kwaɗayin kuɗi ya ja shi. Har yanzu wani lokaci nakan ce ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Kuma ku da ba ku taɓa kai balas ba, ba ku san yadda ake ji ba in magariba ta yi ba ka haɗa kuɗin mutane ba, ga cefane na jira. Duk wannan gaskiya ne. Amma yaron ya tambaye ni, na yi masa ƙarya. Keken ɗinkin mai ɗakina aka sayar aka biya asibiti da sabon tanki, Alhaji ya karɓe babur ɗinsa, kuma ban ga laifinsa ba. Yaron yanzu magidanci ne da rumfar waldarsa. In mun haɗu har ƙasa yake gaishe ni, yana ce mini Baba, sai ya juyo da kunnen hagu don ya ji amsata. Da zai zage ni da na fi samun sauƙi.

Da na zauna rubuta wannan na yi niyyar jero muku abubuwa goma. Na duba na ga ba su kai ba.

Ka fara gano inda yake yoyon. Yawancinku ba ku ma san wannan ba, kun iya ɗaga tayar gaba a ɗauke ku a waya, amma a ce ku nuna famfon mai sai ku tsaya kallon mutum. Ka goge ƙasan tanki ya bushe, ka barbaɗa hoda ko toka mai sanyi, ka jira. Inda ya fara jiƙewa nan ne. Wani lokaci tiyo ne kawai ya tsage a baki, wani lokaci robar cikin famfon ce, wani lokaci wadda ke tsakaninsa da tanki. In roba ce, ka sayi tata ta asali, ka tafi da tsohuwar shago a gwada. In ba a samu ba ka sayi famfon gaba ɗaya. A yi aikin a fili, inji a sanyaye, nesa da mai shayi da mai taba da janareto. A kankare wurin tas, a ɗaure daidai, in kusoshi biyu ne a riƙa bi ɗaya bayan ɗaya kaɗan-kaɗan. In ka ɗaure daidai bai daina ba, ƙarin ƙarfi ba zai tsayar da shi ba. Kada ka shafa gam, fetur na jiƙa shi, gutsattsarinsa su bi tiyo su toshe maka kafireto.

Sabulu kuwa, kada ka taɓa shi. To, in dare ya yi maka tsakanin Wudil da Gaya mai na zuba, me zan ce maka? Ka shafa, ka isa gida. Ni ma yau in abin ya same ni haka zan yi. Amma da safe gareji, ba tasha ba. Matsalar ita ce na san ku, na kuma san kaina: duk wanda sabulu ya kai shi gida sau ɗaya ba ya zuwa gareji da safe. Don haka gara kada ka fara.

Ka kai wa makaniki, ka ji maganarsa. Kuma kada ka ba shi babur ka tafi kallon ƙwallo, ka tsaya a kansa, don na ga masu yanka tiyub su ce maka sabuwar roba ce. Ka karɓi tsohuwar a hannunka, ka ga ledar sabuwar.

Tankin da ya tsage ko ya huje, ka sayi wani, ko na hannu ne in cikinsa ba tsatsa. Kada ka kai shi wuta. Akwai ƙwararrun da suka san yadda ake yi, na sani, amma kai ba ka san wanne ne ƙwararren ba, kuma gaggawarka za ta kai ka wajen yaronsa. Babur mai warin mai kuma ba ya kwana inda mutane suke kwana. In ya kama da wuta, yashi ko jiƙaƙƙen bargo, ban da watsa ruwa, don fetur hawa kan ruwa yake yi ya bi shi duk inda ya gangara. Duk mun ga abin da ya faru a Majiya ta Jigawa a Oktoban 2024, da tankar mai ta kama da wuta, muka yi ta salati a waya, washegari kowa ya koma ya tsuguna gaban tankinsa da sigari a baki.

Abin da ya fi ba ni mamaki da ku shi ne lissafi. Mu da muka yi sakaci a naira 65 muka yi. Ku tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 kuke kuka, har lita ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, amma kuna kallo yana ɗiga a ƙasa dare da rana, kuɗin data kuwa ba ya yankewa.

Ɗan ƙanwata dai ya gama shafe-shafensa, ya goge hannu a wando, ya ce, "Kawu, a rubuta sabulun, zan kawo." Ban ba shi labarin mai walda ba, a dangi ma ba kowa ya sani ba. Jiya na rufe shago da wuri na je na sayo robar famfon Boxer, tana nan cikin gwangwanin canji. Na kira shi sau biyu bai ɗauka ba. Ɗazu na aika wa uwarsa cewa ya biyo ta shago kafin ya fita aiki, ta ce tun asuba ya fita.