Godiya Bayan Kammala Zangon DBT a Sashen Jinya ta Wasanni

Alhamdulillahi, zangon koyar da dabarun DBT (hanyar jinyar ƙwaƙwalwa da ke koya wa majinyaci sarrafa motsin ransa) a sashenmu na jinya ta hanyar wasanni da ayyukan hannu ya zo ƙarshe lafiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka mu ma'aikatan sashen muke miƙa godiya ga duk wanda ya sa hannu.

Godiyarmu ta farko ga likitocin ƙwaƙwalwa da masu zaman jinya da kowane majinyaci shi kaɗai, da suka yarda filin wasa ya zama wurin gwaji. Mai larurar rashin daidaiton hali da motsin rai, wadda likitoci ke kira BPD, ransa kan tashi nan da nan, ya kai ƙololuwa, ya kuma daɗe bai sauka ba. Domin irin waɗannan majinyata Marsha Linehan ta Jami'ar Washington a Amurka ta tsara DBT, ta wallafa gwajinsa na farko a 1991. Darussan kashi huɗu ne: tattara hankali kan abin da ake ciki, jure wa ƙunci, daidaita motsin rai, da iya mu'amala da mutane. Ana kammala su cikin mako 24. Sai dai dabarar da aka koya a zaune, rai kwance, sau da yawa ba ta zuwa idan zuciya ta hau. A wasan ƙwallo kuwa, idan aka ƙi miƙa wa mutum ƙwallo sau biyu, zafin wariyar da ya ji na gaske ne, amma bai fi ƙarfinsa ba. Nan take mai kula da wasan zai ja shi gefe, ya faɗi sunan abin da yake ji, su tantance ko da gangan aka yi, ya yi numfashi, sannan ya koma fili maimakon ficewar da ransa ke raya masa.

Ma'aikatan jinya, Allah ya saka muku da alheri kan tantancewar da kuka yi kafin a koyar da dabarar ruwan sanyi. Ana riƙe numfashi a tsoma fuska cikin ruwan da sanyinsa bai yi ƙasa da digiri 10 na ma'aunin Celsius ba, na kusan daƙiƙa 30, sai bugun zuciya ya ragu da sauri. Wannan raguwar ce haɗari ga mai ciwon zuciya, da mai shan maganin da ke rage bugunta, da mai larurar ƙin cin abinci. Waɗanda kuka keɓe an ba su numfashi mai tsari: shaƙa daƙiƙa 5, fitarwa daƙiƙa 7.

Ga 'yan sa-kai, naku ne aikin da ya fi wuya. Kun koyi fara amsa wa mutum cewa abin da yake ji yana da dalili, kafin ku kawo shawarar gyara. Wanda ya yaga zanensa ya ce bai iya komai ba, in aka ce masa "ai ya yi kyau", ji zai yi ba a saurare shi ba, fushin ya ƙaru. In aka ce "ka ɓata lokaci a kansa, dole abin ya yi maka ciwo", sai ƙofar magana ta buɗe. Kun kuma tsaya kan amsa ɗaya, ba wanda ya ba da lambar wayarsa, ba wanda ya sassauta ƙa'ida a ɓoye. Da zarar an samu bambanci, majinyaci kan ɗauki wani masoyi wani maƙiyi. Almakashi da allura an ƙirga su kafin zama da bayansa. Maganar cutar da kai ba a tattauna ta a rukuni ba, an kai ta ga mai jinyar mutumin a ranar.

Abu guda da muka dage a kai, kuma muna gode wa shugabanni da suka mara mana baya: ba a hana kowa wasa a matsayin hukunci. Wasan sashe ne na magani, kuma ranar da mutum ya fi rikicewa ita ce ranar da ya fi buƙatarsa.

Iyaye da 'yan'uwa, mun gode da rakiya da haƙuri.

Ku kuwa mahalarta, kun zo a ranakun da ko tashi daga gado ya zame muku aiki, kuma mun gani. Ku ci gaba da cike katin bayanan yau da kullum, kuna kai wa mai jinyarku duk mako. Tsarin DBT ya tanadi maimaita darussan karo na biyu don a cika shekara guda, saboda haka wanda zai ci gaba ya sanar da mai jinyarsa kafin a buɗe sabon zango.

Allah ya ƙara lafiya.

Ma'aikatan sashen jinya ta wasanni